TSOFAFFIN BINDIGOGIN DAMARGU: A KARANTA KAFIN A SAYAR

Ƴan'uwa mutanen Ollelewa, na gida da waɗanda ke ci-rani:

A wannan fitowa ta takardar ƙungiyarmu, shafin tarihi zai yi magana a kan wani kaya da ke rataye a zaurukan gidaje da dama, ko kuwa yake kwance a ƙarƙashin gado cikin tsumma, wato tsohuwar bindigar kaka. Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance, wani abu ne da ya faru a ranin da ya wuce. Wani dillalin kayan da ya zo ran kasuwa yana cigiyar tsofaffin takubba da sirada da bindigogi. Wani ɗan'uwanmu, ba sai mun faɗi sunansa ba, ya ɗauko wadda ya gada. Don ta yi kyan gani, sai ya kai wa maƙeri ya bi ta da magagari, ya dawo gida ya goge ta da yashi da toka har ta yi fari fat. Duk ƴan tambarin da ke jikin ƙarfen suka shafe. Dillali ya juya ta, ya ce ai ba ta da shaida, ya miƙa masa kuɗin da bai kai na ɗan akuya ba. Da labari ya iso mana a lakwal muka je gidan, muka tambayi wanda ya fara kawo ta. Ba wanda ya iya faɗi. Tsohuwar da ta sani ta rasu shekara uku ke nan.

Ashe an yi asara biyu, ta kuɗi da ta tarihi. Rashin sani ya fi dare duhu. Don haka muka ga ya kamata mu tattara abin da muka karanta, mu shimfiɗa shi a nan cikin harshenmu, domin kowane maigida ya iya gane irin bindigar da ke hannunsa, ya kuma san inda darajarta take.

I. HANYAR DA BINDIGA TA BIYO

Kowa ya san Damargu rumbun Abzin ce, kuma mashigar ayari. Fatake masu tasowa daga Tarabulus suna biyowa ta Gat da Agadas, su sauka a ƙasarmu su sayi hatsi, sannan su wuce Damagaram da Kano. Cikin watan Janairu na 1851 Bature ɗan Jamus mai suna Bart, wanda ake kira Abdul Karim, ya ratsa Damargu tare da ayarin gishiri. A Tagalal ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu, kuma ya ambaci sunan garinmu cikin manyan garuruwan ƙasar. Cikin kayan da ayarin arewa ke kawowa akwai takarda, da alharini, da takubba, da albarushi, da bindigogi.

Bindigar wancan zamani ita ce mai ƙyastu, wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki, a danna da sanda. In an ja kunama, ƙanƙara ta bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa cikin albarushi. Cikin bututunta sumul yake, shi ya sa ba ta kai wa nesa, kuma maharbi yana jimawa kafin ya sake ɗuri. Mayaƙan Buzaye da dama sun fi amincewa da takobi da mashi da garkuwa.

Wanda ya mai da bindiga abin mulki a wannan yanki shi ne Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884. Shi ya gina ganuwar Birni, ya sayo bindigogi daga arewa, ya sa maƙeransa suka riƙa haɗa albarushi suna zuba igwa a cikin Damagaram. Masu tarihi sun rubuta cewa ya tara bindiga wajen 6000 da igwa wajen 40. Abin lura a nan: tun a ƙarni na 19 maƙeran ƙasarmu sun iya gyaran bindiga. Saboda haka ake samun wadda bututunta na Turai ne, gindinta kuwa itacen gida, an ɗaure da fata ko da waya ta jan ƙarfe.

II. ZAMANIN NASARA

A 1890 ƙasashen Turai suka taru a Burusal, babban birnin Beljiyam, suka sa hannu a kan wata yarjejeniya. Cikinta an hana sayar wa mutanen Afirka ta tsakiya, har da ƙasarmu, bindigogin zamani. An bar musu masu ƙyastu da albarushin kasuwa kaɗai. Wannan doka ta sa masana'antun garin Liyej a Beljiyam suka ci gaba da ƙera masu ƙyastu domin kasuwar Afirka har cikin ƙarni na 20, alhali sojan Turai sun daɗe da barinsu. Mu riƙe wannan da kyau, za mu komo kansa wajen maganar daraja.

Cikin watan Mayu na 1898 aka kashe kyaftin Kazamaju a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. Cikin Yuli na 1899 sojan Faransa suka ci yaƙin Tirmini, suka shiga Birni. A ƙarshen wannan shekara rundunar Furo da Lami, wadda ta ƙetaro hamada daga Aljeriya, ta gangaro daga Agadas ta ratsa Damargu, ta isa Damagaram ran 2 ga Nuwamba. A 1900 aka yi faɗan Tanamari, inda aka kashe Musa, shugaban Buzayen Imuzurag. Abin da ya ba Nasara rinjaye a waɗannan wurare ba ɓoye yake ba: bindigarsu ta baya ake sa mata harsashi mai kwanso, mutum guda yana harbi sau da yawa kafin mai ƙyastu ya gama ɗuri ɗaya.

Ga manyan bindigogin sojan Faransa da ya kamata mu san sunansu. Ta farko Gras, ƙirar 1874, faɗin bakinta milimeta 11, harsashi ɗaya take ɗauka, da baƙin albarushi take aiki. Da soja suka bar ta, an sayar da ita da yawa ga ƴan kasuwa, aka rarake cikin wasu aka mai da su na farauta. Ta biyu Lebel, ƙirar 1886, milimeta 8, tana ɗaukar harsashi 8 a cikin wani bututu da ke ƙarƙashin babban. Ita ce bindigar soja ta farko a duniya mai aiki da albarushi marar hayaƙi. Ta uku Berthier: akwai gajera ta 1892, akwai kuma doguwa ta 1907 wadda aka ƙera musamman domin sojan baƙar fata da ake kira tirayar, harsashi 3 take ɗauka. Ta ƙarshe MAS 36, milimeta 7,5, mai harsashi 5, wadda tsofaffin sojanmu na ƙarshen mulkin mallaka suka sani.

Akwai kuma wata da ta shigo ta wata ƙofa. Kawsan, wanda haifaffen Damargu ne, ya kewaye barikin Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Makaman mutanensa sun fito daga Fazzan, cikin waɗanda ƴan Sanusiyya suka ƙwace hannun sojan Italiya. Bindigar sojan Italiya ta 1891, wadda ake kira Carcano, bakinta milimeta 6,5 ne, kuma a jikinta akan ga sunan garin da aka ƙera ta, kamar TERNI ko BRESCIA, tare da shekara.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin Tarabulus ya mutu. Daga nan kayan Turai ta kudu suka riƙa shigowa, bindiga kuwa ta koma abin da sai da takardar izinin kumandan ake riƙewa.

III. ƘANANAN BINDIGOGIN KOYON HARBI

Yanzu mu zo kan wadda mutane suka fi rainawa, wato ƴar siririyar bindiga mai ƙaramin baki, wadda ake cewa ta harbin kurciya ce. Ita ma tana da tarihinta.

A 1845 wani Bafaranshe mai suna Flobert ya ƙirƙiro ɗan ƙaramin harsashi wanda wutarsa ke a gefen gindin kwanso. Da shi ake wasan harbin alama a cikin lambu, har a cikin ɗaki. A 1887 aka fito da ƙanensa mai ƙarfi a Amurka, wanda ake rubuta wa 22 LR. Faransawa suna ce masa 5,5 saboda faɗinsa. Har yau da shi ake gasar harbi a wasannin duniya.

Bayan da Jamus ta ci Faransa da yaƙi a 1870, hukumomin Faransa suka ce lalle yaro ya koyi riƙon bindiga tun yana lakwal. A 1882 aka kafa rundunonin ƴan makaranta, aka kuma riƙa ƙera ƙananan bindigogi masu kamannin na soja domin koyon bara. Mu malamai, da muka karanta wannan, mun yi mamaki: ashe akwai zamanin da mushe ke koyar da lissafi da safe, da marece ya koyar da harbi.

Kamfanin da ya fi yaɗa irin waɗannan shi ne Manufrance na garin Sant-Etiyen, wanda aka kafa a 1885. Yana buga babban littafin kaya mai hotuna kowace shekara, mutum ya zaɓa, ya aika kuɗi ta gidan waya, a aiko masa har ƙasashen da Faransa ke mulki. Shi ya ƙera ƴar bindigar Buffalo ta koyon harbi, shi ne kuma mai Simplex, bindigar farauta mai baki ɗaya da ta fito a 1908, wadda maharban Afirka ta yamma suka sani ƙwarai. Tsohon kamfanin ya rufe a 1985. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma, masana'antar gwamnati ta Sant-Etiyen ta ƙera MAS 45, mai harsashin 5,5, domin horar da sababbin soja da araha.

Yaya ake bambanta ta gasar harbi da ta harbin tsuntsu? Ta gasa bututunta kauri gare shi, tana da nauyi fiye da yadda girmanta ya nuna. Abin aunawa na baya yakan zama ɗan faifai mai ƙaramar huda, da ƙusoshi biyu da ake murzawa, ɗaya sama da ƙasa, ɗaya dama da hagu. Kunamarta taushi gare ta, kuma yawanci harsashi ɗaya take ɗauka. Ta tsuntsu kuwa sakayau ce, abin aunawarta ɗan tsagi ne kawai. Wannan faifai mai huda shi ne yara suka fi kwancewa su yi wasa da shi, alhali rashinsa yana karya kuɗin bindigar sosai.

IV. YADDA AKE KARANTA BINDIGA

Kafin kome, a tabbata ba ɗuri a ciki. Tsofaffi sukan rataye mai ƙyastu da ɗurinta, kuma baƙin albarushi yana iya tashi bayan shekaru masu yawa. A juya bakin wajen da ba kowa, a zura sanda a hankali har ta tsaya, a yi alama, a fito da ita a gwada ta waje. In ta ciki ta gaza tsawon bututun, to akwai abu a ciki. A ajiye, a kira maharbi wanda ya san aiki. Kada yaro ya matso.

Na biyu, a dubi yadda ake ɗura ta. Ta baki, ko ta baya? In ta baki ce, mai ƙyastu ce, ko mai ɗan ƙoƙon jan ƙarfe da ake kifawa a kan hanci? Mai ƙoƙo ta zo bayan mai ƙyastu. In ta baya ce, sakata gare ta da ake ja, ko karyewa take yi a tsakiya kamar Simplex?

Na uku, a auna faɗin baki. Wanda ba shi da ma'auni ya ari kiriyo, wato fensir, wurin ɗan lakwal. Kaurinsa wajen milimeta 7 ne. A bakin Gras zai shige yana lilo. A bakin Lebel zai shiga daidai. A bakin Carcano, ko na 6, ko na 5,5, ba zai shiga ba. Mai ƙyastu kuwa yawanci ɗan yatsa ma yana shiga.

Na huɗu, a leƙa cikin bututu wajen haske, bayan an tabbata fanko ne. In akwai zane mai murɗawa kamar igiya, bindigar harsashi guda ce mai kai wa nesa. In sumul ne, ta farauta ce ko ta kasuwa. Gras mai sumul ciki, an rarake ta ke nan.

Na biyar, wanda ya fi duka, a karanta rubutu. A shafa ɗan mai da tsumma mai laushi, a kai ta hasken safiya. A gefen hagu na bindigar sojan Faransa akan rubuta sunan masana'anta: St Étienne, ko Châtellerault, ko Tulle, sannan Mle da shekarar ƙira, kamar Mle 1874 ko Mle 1886 M93. A lura, wannan shekarar samfuri ce. Shekarar da aka ƙera bututun tana wani wuri a gindinsa, da harafi a gabanta: S 1878 na nufin Sant-Etiyen, 1878. In an ga Mle 1866-74, tsohuwar Chassepot ce aka juya ta koma Gras.

Bindigogin kasuwa kuma suna da tambarin gidan gwaji, inda ake jarraba ƙarfin bututu kafin a sayar. Na Liyej haruffa uku ne, E L G, cikin da'ira mai siffar ƙwai. In da kambin sarauta a saman da'irar, bindigar ba ta girmi 1893 ba. In babu kambi, wannan kaɗai bai isa shaidar tsufa ba, domin an ci gaba da buga shi haka a kan masu ɗuri ta baki. Na Barmingam a Ingila, wanda aka kafa gidansa a 1813, sanduna biyu ne a gicciye da kambi. Na Sant-Etiyen kuwa ganyen dabino ne a gicciye. Kalmar TOWER da ake gani a kan wasu, kada ta ruɗe mu: asalinta tambarin gwamnatin Ingila ne, amma ƴan kasuwa sun kwaikwaye ta ba iyaka.

A ƙarshe a nemi lamba. A bindigar soja ana buga lamba guda a bututu, da sakata, da gindi. In duk sun dace, ba a yi mata haɗe-haɗe ba.

V. INA DARAJA TAKE?

Ba za mu yanka wa kowa farashi a nan ba, domin kasuwa hawa take tana sauka. Amma ga ma'aunan da masu tara kayan tarihi ke bi, a ko'ina suke.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Mun faɗi dalili a sama: mai ƙyastu ta Liyej tana iya zama ƙanwar Lebel a shekaru. Suna kaɗai ma ba ya sa tsada. Lebel an ƙera ta fiye da miliyan 2, Gras da Simplex su ma ba su ƙirguwa. Wanda ke Turai ba ya bukatar zuwa Damargu neman su. Abin da mai saye ke dubawa shi ne: lambobi sun dace? Ba a yanke bututu ba? Ba a sauya gindi ba? Abin aunawa yana nan? Tsatsa ba ta cinye ciki ba? A ƙaramar bindigar gasa, lafiyar cikin bututu da abin aunawa su ne kusan dukan kuɗinta. Sannan launin tsufa, wannan baƙi-baƙin da ƙarfe ke yi, shi ake so a gani. Wanda ya kankare shi ya kankare kuɗinsa da hannunsa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai ma'auni na ƙarshe wanda mu kaɗai ke riƙe da shi, shi ne asali. Gras da ba a san mai ita ba, ɗaya ce cikin dubbai. Amma wadda aka san sunan wanda ya riƙe ta, da inda ya samo ta, da ayarin da ya raka da ita, ko zakin da ya kashe, ko barikin da ya yi aiki, ba ta da ta biyu a duniya. Haka wadda maƙerin ƙasarmu ya sassaƙa wa gindi, ya ɗaure da fata, aka rataya mata laya. Dillali zai ce mana wannan gyaran ƙauye ne, ya rage kuɗi. Ga mai tarihi kuwa, gyaran nan shi ne shaidar hannun kakanninmu. Wannan sani a bakin tsofaffi yake, kuma kullum raguwa suke.

VI. ABIN DA MUKE ROƘO

Na ɗaya, kada a goge, kada a kai wa maƙeri, kada a shafa fenti. Ɗan mai da tsumma sun isa, a rataye ta inda ba damshi, ba gara.

Na biyu, kada a gwada harba ta ran salla ko ran buki. Tsohon bututu da aka yi domin baƙin albarushi yana fashewa in aka sa masa na zamani, ya tafi da yatsu ko ido.

Na uku, a tuna da doka. Riƙe bindiga sai da takardar izini, sayar da ita a ɓoye kuma laifi ne, balle a wannan zamani da makami ya zama masifa a ƙasashenmu. Tun 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida. Duk mai wadda ke cin harsashin soja, ya je wurin maigari su tafi tare wurin hukuma a Tanut. Kafin a miƙa ta, a rubuta tarihinta, a ɗauki hotonta.

Na huɗu, mun buɗe littafi a lakwal. Duk gidan da ya yarda, za mu zo ran da ba karatu, mu auna, mu kwafe tambari ta hanyar ɗora takarda a goga kiriyo a kai, mu zauna da dattijo ko dattijuwar gidan mu rubuta abin da suka ji daga iyayensu. Bindiga tana nan hannun mai ita, ba abin da za mu ɗauka sai labari. Wanda kuma ya ga ba zai iya ajiya ba, gara ya tuntuɓi gidan kayan tarihi, kamar na Bubu Hama da ke Yamai tun 1959, da ya miƙa wa mai wucewa.

Ƴan'uwanmu na Bakin Birji da Gangara da Belbeji, in wannan takarda ta iso gare ku, ku karanta wa waɗanda ba su yi lakwal ba, ku aiko mana da abin da kuka samu. Inda muka yi kuskure kuma, dattawa su gyara mana, za mu buga gyaran a fitowa ta gaba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.